Tsutsotsin da ke cikin baƙuwar ƙumbar ruwa: makami ne ko ƙarin annoba?

Aminu Ɗalibi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan ƙumbar ruwa mai zane-zane ce, ƙaramar halittar nan mai ɓawo biyu da masana ke kira *Dreissena polymorpha*, wadda asalinta kogunan da ke zuba cikin Bahar Aswad da Tekun Kasfiyan ne, ta bi hanyoyin ruwan da aka haƙa ta mamaye yammacin Turai a ƙarni na 19, sannan aka gan ta a Tafkin St. Clair, tsakanin Amurka da Kanada, a shekarar 1988. Ɓarnarta ba ɓoyayya ba ce, domin tana kafa zare a jikin duk wani abu mai tauri ta manne, ta toshe bututan ruwan sha da na tashoshin lantarki, ta kuma hau kan ƙumbunan da ta tarar a wurin har su kasa buɗe ɓawonsu. To, a karatun da muke yi an ce a Turai akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa daga dangin tirematoda da ke shiga jikin wannan ƙumba ta hana ta haihuwa gaba ɗaya, kuma ba a samu tsutsar a ƙumbunan da ke Amurka ba. Idan haka ne, me ya hana a ɗauko tsutsar a kai can da gangan? A ganina abokiyar gaba ce da Allah ya riga ya halitta, ba guba ba ce da za ta gurɓata ruwa, kuma da zarar ta kafu ita za ta ci gaba da aikinta ba tare da an sake kashe kuɗi ba.

Dakta Hadiza

Wa alaikumus salam, Aminu. Tsutsar da kake nufi ita ce *Bucephalus polymorphus*, wadda masani von Baer ya bayyana tun 1827, kuma gaskiya ne tana dandaƙe ƙumbar. Sai dai kafin a yi zancen ɗaukarta a kai wani wuri ya kamata a san yadda take rayuwa, domin ba a jikin ƙumba kaɗai take zaune ba. Zango uku take yi, kowanne a jikin halitta dabam, kuma in aka cire mata ɗaya daga ciki rayuwarta ta yanke.

Babbar tsutsar, wadda da ƙyar ido ke iya ganinta, tana zaune ne a hanjin kifi mai cin kifaye, musamman kifin da ake kira zanda, wato *Sander lucioperca*. A can take zuba ƙwai, ƙwan ya fita tare da kashin kifin, ya ƙyanƙyashe wani ɗan mitsitsin abu mai gashi da ke iyo, wanda ke samun shiga jikin ƙumba, tun da ita kullum cikin zuƙar ruwa take. A cikinta sai ya rikiɗe ya zama doguwar jaka mai rassa, rassan su ratsa gaɓoɓin haihuwarta su cika su, su cinye abincin da ya kamata ya zama ƙwai ko maniyyi. Ƙumbar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da ci da numfashi, amma duk wahalar da take yi tsutsa take yi wa. Daga cikin jakar ne 'ya'ya masu wutsiya biyu ke ta fitowa cikin ruwa, su laƙe a jikin ƙananan kifaye dangin kifin da ake kira kaf (carp), su huda fata, su dunƙule a fiffike da baki da gaɓoɓin numfashi, suna jiran ranar da babban kifi zai haɗiye wanda ke ɗauke da su.

Wannan zango na biyu shi ne inda matsalar take. Idan 'ya'yan suka yi wa ƙaramin kifi yawa sukan bar masa raunuka da zubar jini, har ya kai ga mutuwa, kuma masana a Faransa sun rubuta irin wannan annoba a kifayen Kogin Seine da rassansa a shekarun 1960. Saboda haka wanda ya ɗauki tsutsar nan ya saki a Manyan Tafkunan Amurka, waɗanda ke yankin iyakarta da Kanada, ɗaya daga cikin biyu ne zai faru: ko dai ta rasa kifin da za ta ƙarasa rayuwa a cikinsa ta mutu a banza, ko kuma ta samu, kifayen wurin su kwashi cutar da ba su taɓa sani ba.

Injiniya Sani

Dakta, Allah ya ƙara sani, amma bari in faɗi yadda masu kula da bututu ke kallon lamarin. A watan Disamba na 1989 garin Monroe da ke jihar Michigan ya rasa ruwan famfo na wasu kwanaki saboda ƙumba da ƙanƙara sun haɗu sun toshe bututun da ke janyo ruwa daga Tafkin Erie, ɗaya daga cikin Manyan Tafkunan. Tun daga lokacin kowace tashar da ke shan ruwa daga waɗannan tafkuna tana cikin hidimar zuba kulorin, da kankare bango, da tura masu nutso, shekara da shekaru, ba ranar gamawa. Shi ma kulorin ɗin ba kyauta yake fita ba, yana kashe abubuwan da ba su ji ba ba su gani ba, kuma ƙumbar tana jin ɗanɗanonsa ta rufe ɓawonta na kwanaki, sai an daɗe ana zubawa kafin ta mutu. Idan ana maganar haɗarin da kifaye za su shiga, to ai sun riga sun shiga wani, tun da ƙumba ɗaya tana tace kusan lita guda na ruwa a rana, kuma a wasu wuraren ana samun dubun dubata a murabba'in mita ɗaya, suna kwashe abincin da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kansa. Ni ban ga dalilin da za a rufe ƙofar tun kafin a auna illolin biyu a ga wadda ta fi nauyi ba.

Malam Bashir

Kafin Dakta ta dawo, bari in taɓa tambayar da ke ƙarƙashin ta Aminu, wato yadda aka yi ƙumbar ta ƙetare teku ta bar tsutsarta a baya, domin amsar tana da amfani ga sauran muhawarar. Abin da aka fi yarda da shi shi ne cewa ba manyan ƙumbuna ne suka je Amurka ba, 'ya'yansu ne masu iyo, waɗanda ido ba ya gani, suka shiga cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba a tashoshin Turai don daidaita nauyinsu, aka zubar da su a Manyan Tafkuna. Ɗan ƙumba a wannan mataki ba shi da gaɓar haihuwa, ba shi da inda jakar tsutsa za ta zauna, saboda haka tsaf ya isa can, babu kowa a jikinsa.

Ƙasar Ayilan ta ba da misali na akasin haka. An gano ƙumbar a Kogin Shannon a 1997, kuma da masu bincike suka feɗe ta sai suka tarar da wata ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya, *Conchophthirus acuminatus*, wadda ba ta zama a jikin kowa sai wannan dangi na ƙumba, ba ta kuma bin 'ya'ya masu iyo. Wannan ya zama hujjar cewa manya ne suka isa Ayilan, manne a jikin ƙananan jiragen da aka shigo da su daga Birtaniya. A Amurka ba a samu wannan halitta ba. Ashe abin da ke cikin baƙuwa, da abin da babu, yana ba da labarin hanyar da ta biyo.

Akwai wani nazari da Torchin da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2003, inda suka kwatanta nau'o'in dabbobi 26 a ƙasashensu na asali da kuma inda suka mamaye. Matsakaicin abin da suka samu shi ne nau'i 16 na masu rayuwa a jikin dabba a gida, uku kaɗai ke bin ta zuwa sabon wuri, sannan ta ɗauki wasu huɗu a can. Daga irin wannan ne aka gina ra'ayin cewa baƙuwar halitta tana bunƙasa ne saboda ta tsere wa maƙiyanta. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma a kan wannan ƙumba ina da ja. Ta isa Ingila tun 1824, ta cika kogunan Jamus da Holan da Faransa, kuma a yammacin Turai tsutsotsinta suna tare da ita, duk da haka ba su hana ta zama annoba ba. Da tsutsa ce ke riƙe da linzaminta, da an gani a can.

Hajiya Rabi

Ina bin bayananku, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya fi damuna shi ne lafiyar mutane. Tsargiya ma ai tsutsa ce daga wannan dangi, kuma ta hanyar halittar ruwa mai ɓawo take yaɗuwa. Shin tafkin da ƙumbar nan ta cika zai iya zama haɗari ga masu wanka ko masu kamun kifi?

Dakta Hadiza

Hajiya, dangi ɗaya ne, amma gida dabam-dabam. Tsutsar tsargiya, *Schistosoma*, ba ta iya yin zangonta na farko sai a cikin wasu keɓaɓɓun dodon koɗi, irin su *Bulinus* da *Biomphalaria*, haka ita ma tsutsar hantar dabbobi, *Fasciola*, nata dodon koɗin dabam ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke haihuwa a cikin ƙumba mai ɓawo biyu. *Bucephalus* kuwa a hanjin kifi take balaga, ba ta da abin yi a jikin ɗan Adam, ko da 'ya'yanta sun taɓa fatarsa. A wannan dangi zangon farko shi ne mafi tsauri wajen zaɓe, kusan kowace tsutsa da tata halitta mai ɓawo, zango na biyu kuwa sau da yawa duk wanda aka samu a hanya ne.

A nan ne ƙumba ke shigowa ta wata ƙofa. Akwai tsutsotsin da ba sa haihuwa a cikinta, sai dai su dunƙule a jikinta su jira a cinye ta. Misali shi ne *Echinoparyphium recurvatum*, wadda ke haihuwa a dodon koɗi, ta balaga a hanjin agwagin ruwa. A Tafkin Naroch na ƙasar Belarus an samu ƙullutunta a jikin ƙumba mai zane, kuma tun da agwagin da ke nutso suna cin ƙumbar nan da yawa, baƙuwar ta zama sabuwar gada tsakanin tsutsar gida da tsuntsayen gida. Tsutsar ba baƙuwa ba ce a tafkin, hanya ce kawai aka ƙara mata.

Inda irin wannan ya shafi mutane kai tsaye shi ne inda ake cin ƙumba ɗanya ko wadda ba ta dahu ba. A kewayen Tafkin Lindu da ke tsibirin Sulawesi na Indunusiya, mazauna wurin sun daɗe suna fama da tsutsar hanji *Echinostoma lindoense* saboda cin wata ƙumba ta dangin *Corbicula*. Da aka koma bincike a shekarun 1970 sai aka tarar cutar ta ɓace, masu binciken kuma suka danganta hakan da karfasar da aka kai tafkin, wadda ta riƙa cinye 'ya'yan ƙumbar har ta yi ƙaranci. Wanka a tafki ba ya kawo irin wannan cuta, ta baki take shiga.

Malam Bashir

Injiniya ya nemi a auna, to ga wani awo da aka riga aka yi ba da niyya ba. Akwai wata baƙuwar ƙumba mai ruwan zinariya, *Limnoperna fortunei*, 'yar asalin ƙasar Sin, wadda ta bayyana a Japan a farkon shekarun 1990, ta kuma shiga Kogin Río de la Plata a Ajantina a 1991. A Kogin Uji, wanda ke fitowa daga Tafkin Biwa ya ratsa yankin Kyoto, wajen shekarar 2000 aka fara ganin ƙananan kifaye dangin kaf a lokacin sanyi suna yawo a galabaice, da jini a ido da fiffike. Da aka bincika sai aka tarar jikinsu cike yake da ƙullutun tsutsotsi 'yan gida ɗaya da *Bucephalus*, wato *Parabucephalopsis parasiluri* da *Prosorhynchoides ozakii*, kuma zangonsu na farko shi ne wannan baƙuwar ƙumba. Ta farkon ta samu masaukin ƙarshe a hanjin babbar tarwaɗar Tafkin Biwa, *Silurus biwaensis*, kifin da babu irinsa a ko'ina a duniya sai wannan yanki.

Ku dubi sakamakon da kyau. Tsutsa ta kafu, zangonta uku sun cika, tana dandaƙe wani kaso na ƙumbar kamar yadda Aminu yake fata. Ƙumbar kuwa tana nan daram a kogin, tana ci gaba da manne wa bututai, kifayen gida ne suka biya kuɗin. Garin neman gira an rasa ido, ko da yake a nan babu wanda ya nema da gangan.

Injiniya Sani

Malam Bashir, misalin Uji ya yi ƙarfi, ban musa ba. Amma duk misalanku a kan tsutsa mai zango uku suke, wadda dole ta huda kifi. Ai ba ita kaɗai ce a cikin ƙumbar ba. Na ji ana ambaton wata da ke zama a gaɓar numfashinta, da wata kuma da ba ta bukatar kifi sam. Me zai hana a duba waɗannan? Idan har akwai wadda rayuwarta ta tsaya a kan ƙumba kaɗai, hujjar kifayen gida ta faɗi ke nan.

Dakta Hadiza

Ranka ya daɗe, duka biyun suna nan, kuma kowacce da inda ta gaza. Ta gaɓar numfashi ita ce *Phyllodistomum*. Jakunkunanta rawaya ne, ana iya ganinsu da ido a jere cikin gaɓar idan aka buɗe ƙumbar, kuma 'ya'yanta ba sa fita su huda kowa, a cikin jakar suke dunƙulewa, jakar ta fita cikin ruwa, kifi ya ɗauka abinci ne ya haɗiye, tsutsar ta je ta balaga a mafitsararsa da hanyoyin fitsari. Tana ramar da ƙumba, amma ba a gaɓar haihuwa take zaune ba, kuma har yanzu kifi take bukata. Wani abin lura a kanta shi ne an shafe shekaru masu yawa ana rubuta sunanta a matsayin *Phyllodistomum folium*, sai da masana a Lituweniya suka gwada ƙwayoyin gadonta suka nuna cewa ta cikin ƙumba mai zane *Phyllodistomum macrocotyle* ce, *folium* kuwa a wasu ƙananan ƙumbuna dabam take haihuwa. Halittar da aka daɗe haka ana ruɗa ta da 'yar'uwarta, ba ita ce za a ɗauka a saki a tafkin wata nahiya da tabbacin kifin da za ta shiga ba.

Ta biyun ita ce *Aspidogaster*, wadda ke da faffaɗan mazuƙi mai ramuka a cikinta, tana zaune a kewayen zuciya da ƙodar ƙumba, kuma tana iya balaga a can ba tare da ta bi ta jikin kowa ba. Sai dai ba ta ninka kanta a cikin mai masaukinta, ƙwai ɗaya tsutsa ɗaya yake bayarwa, saboda haka illarta kaɗan ce. Bugu da ƙari, ba sai an kai ta Amurka ba, domin *Aspidogaster conchicola* tana can tun asali a jikin ƙumbunan gida, an kuma same ta ta shiga baƙuwar, ba ta rage ta da komai ba.

Amma babbar hujjata lissafi ce. Macen ƙumba mai zane tana iya zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara, kuma mafi yawan 'ya'yan suna mutuwa kafin su samu inda za su manne. Abin da ke iyakance yawanta a tafki shi ne wurin mannewa da abinci da sinadarin kalsiyam na gina ɓawo, ba ƙarancin ƙwai ba. A yawancin wuraren da aka bincika a Turai, kaso kaɗan ne cikin ɗari ke ɗauke da *Bucephalus*. Mu ƙaddara ma ta dandaƙe ɗaya cikin kowace goma, tara ɗin da suka rage za su zuba abin da ya fi ƙarfin duwatsu da bututan tafkin sau ninkin ba ninki. Kuma ita dandaƙaƙƙiyar ba ta saki bangon bututu ba, tana nan manne tana tace ruwa, wato a wurin injiniya babu bambanci tsakaninta da mai haihuwa.

Malam Isa

Ina goyon bayan Dakta a kan cewa ba za a saki tsutsa ba, amma ina ganin an karkata da yawa wajen nuna ƙumba a matsayin mai ƙara cuta kawai. Halittar da ke tace ruwa dare da rana tana zuƙe 'ya'yan tsutsotsin da ba nata ba, waɗanda ba za su iya rayuwa a cikinta ba, su hallaka a can. An gwada wannan da ƙumbar gida ta Turai, *Anodonta anatina*, aka ga tana rage yawan 'ya'yan tsutsar idon kifi, *Diplostomum*, a cikin ruwa, kifayen da ke tare da ita kuma suka kamu da kaɗan. Idan ƙumbar gida tana yin haka, to baƙuwar da ta fi ta yawa nesa ba kusa ba tana iya kwashe abin da ya fi haka. Saboda haka a tafki guda baƙuwa tana iya ƙara wa agwagi tsutsa, kamar yadda aka ce game da Naroch, a lokaci ɗaya kuma ta rage wa kifi wata. Wanda ya ce ta ƙara cuta ko ta rage, sai ya faɗi wace tsutsa yake nufi, da kuma wace dabba.

Malam Bashir

Haka ne, Malam Isa, sai dai gwajin da ka ambata a cikin tankuna aka yi shi, inda ruwan kaɗan ne, ɗan tsutsa kuma ba shi da wurin tserewa. A tafki ƙumba tana ƙasa, 'ya'yan tsutsotsi da yawa kuma sama suke nufa ko gefen ciyawa inda kifi da tsuntsu suke. Na yarda tasirin yana nan, girmansa ne nake ganin bai kai yadda kake zato ba.

Akwai kuma wani abu da ya sa nake kallon wannan lissafi a matsayin wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, wato baƙi ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Kifin gobi mai zagayayyen kai, *Neogobius melanostomus*, ɗan yanki ɗaya ne da ƙumbar, kuma ya bi sawunta: an gan shi a Kogin St. Clair a 1990, ya kuma hau kogunan Danube da Rhine na Turai, musamman bayan da aka buɗe hanyar ruwan da ta haɗa Main da Danube a 1992. A Kogin Morava, ɗaya daga cikin rassan Danube, an samu kifayen gobi ɗauke da ƙullutun *Bucephalus polymorphus* da yawa. Ke nan ƙumba ta zo ta zama zangon farko, gobi ya zo ya ƙara faɗin zango na biyu, zanda kuma, wanda mutane suka daɗe suna kaiwa koguna don kamun kifi, yana cin gobi. A Manyan Tafkunan Amurka ƙumba tana nan, gobi yana nan, akwai kuma *Sander vitreus*, ɗan'uwan zanda na jini, wanda kamun kifin Tafkin Erie ya dogara da shi ƙwarai. Tsutsar ce kaɗai ba ta iso ba. Wannan shi ya sa nake ganin hasashen Dakta na biyu, wato ta samu masauki ta kafu, ya fi na farko kusa da faruwa.

Aminu Ɗalibi

Na gode, malamai. To idan an ajiye tsutsa, shin binciken maƙiyan ƙumbar bai haifar da komai ba ke nan?

Dakta Hadiza

Ya haifar. Daniel Molloy, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na jihar New York, yana cikin waɗanda suka fi kowa tattara bayani a kan masu cin ƙumbar nan da masu rayuwa a jikinta, kuma abin da ya ƙare da shi ba tsutsa ba ne, wata bakteriyar ƙasa ce, *Pseudomonas fluorescens*, wani keɓaɓɓen iri nata da ke lalata hanjin ƙumbar idan ta tace shi. Ana sayar da shi da sunan Zequanox, kuma matattun ƙwayoyin ake zubawa, ba rayayyu ba, domin gubar tana cikin jikinsu. Ƙumbar tana ɗaukar su abinci ne, ba ta rufe ɓawo kamar yadda take yi wa kulorin. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ba ya haihuwa a cikin ruwa, in aka daina zubawa ya ƙare. Tsutsa kuwa in an sake ta babu mai kiran ta ta dawo, kuma tarihin katantanwar nan mai cin 'yan'uwanta, *Euglandina rosea*, da aka kai tsibiran Hawaii da Polinesiya don ta kashe wata baƙuwa, ta koma ta ƙarar da katantanwar gida, ya isa ya sa a yi hattara.

Injiniya Sani

Na san Zequanox, yana aiki a cikin bututu da ƙaramin wuri da aka killace, amma babu mai kuɗin da zai zuba shi a Tafkin Michigan. Saboda haka matsalar buɗaɗɗen tafki tana nan yadda take, ba a warware ta ba, kuma ina nan a kan ra'ayina cewa binciken maƙiyan da ke haihuwa da kansu bai kamata ya tsaya ba, ko da ba waɗannan tsutsotsi ba ne. Hujjar da ta fi shiga kaina a yau ita ce ta cewa dandaƙaƙƙiyar ƙumba ba ta barin bango. Zan ƙara muku da wata daga ɓangarenmu: a yawancin Manyan Tafkuna yanzu ba mai zanen ce ke da rinjaye ba, 'yar'uwarta ce, ƙumbar kwaga, *Dreissena rostriformis bugensis*, 'yar asalin Yukiren, wadda aka gano a Tafkin Erie a 1989, ta kai Tafkin Mead da ke yammacin Amurka a 2007. Tana jure sanyi da zurfi, tana zama har a kan laka, ta kuma ture mai zanen daga wurare da yawa. Tsutsar da aka sani da mai zane, in ta raunana ta, ƙila fili kawai za ta ƙara share wa kwaga.

Malam Bashir

Wannan haka yake, Injiniya. Aminu kuma, idan kana neman inda ilimin tsutsotsin nan ke da aiki a yau, ka dubi jihar Kalifoniya. A watan Oktoba na 2024 aka gano ƙumba mai ruwan zinariya a kusa da tashar jiragen ruwa ta Stockton, karo na farko a Arewacin Amurka, duk da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ruwan daidaita nauyin jirage da aka amince da ita a 2004 ta fara aiki a 2017. Irin ƙumbar da ta ɗauki tsutsotsin Kogin Uji ce. Yarjejeniyar ta shafi ruwan da ke cikin jirgi, wanda ke kawo 'ya'ya marasa tsutsa, amma manyan da ke manne a jikin jirgi ko a akwatunan shan ruwansa su ne masu iya zuwa da jakar tsutsa a cikinsu. Ana ganewa ne ta hanyar feɗe ƙumbuna masu yawa, domin idan kaso kaɗan ne ke ɗauke da ita, wanda ya buɗe ashirin ko talatin zai iya cewa babu alhali akwai. Ana zaɓar manya, tun da su suka fi daɗewa suna zuƙar ruwa, a murje gaɓar haihuwa tsakanin gilasai biyu a duba da madubin ƙara girma ko akwai rassa, a maimaita a lokacin zafi da na sanyi, sannan a duba fiffike da idon ƙananan kifayen da ke kiwo kusa da inda ƙumbar ta taru, musamman dangin kaf, waɗanda a Seine da Uji duka su ne suka fara nuna alama.